Tsohuwar Rigar Sanyin Pascal

"Ba inda za ni," na ce, ina tura masa tikitin jirgin ta kan teburin kicin. "Ka mayar musu da kayansu."

Pascal bai ko ɗago kai ba, yana ta fama da igiyar takalminsa. "Ba sa karɓa, Lesya. An biya, an wuce wurin."

"To ka tafi da ƙanwarka."

"Ƙanwata nake so in gani a bakin teku, ko ke?"

"Wa zai share wa Tato ƙanƙarar ƙofar gida? Wa zai duba ko ya sha magani? Kai komai wasa ne a wurinka..."

"Sati ɗaya ne fa, zuciyata. Sati ɗaya tak."

 Halinsa ke nan, da ya ga na ɗau zafi sai ya sassauta murya ya kira ni zuciyata, ni kuma in rasa inda zan sauke fushina.

Watan Janairu ne, kuma wanda ya san sanyin garinmu Winnipeg ya san abin da hakan ke nufi. Mu fita gari da duhu, mu dawo gari da duhu. Pascal ya zare wayar wutar da ke ɗumama injin mota, ya kankare gilashi yana tsinuwa da Faransancin gidansu, ni kuma in cika mana fulas da kofi. Daga nan sai gidan mahaifina, wanda muke kira Tato, layi biyu tsakaninmu, kafin kowa ya kama gabansa, shi wurin aikin lantarkinsa, ni shagon tabarau. Tun da mahaifiyata ta rasu, sannan Tato ya zame a kan ƙanƙara bara ya karya ƙugu, ban taɓa tsallake safiya ko ɗaya ba.

Shekara huɗu muna tare da Pascal. Duk ranar da ya ɗauko zancen aure, amsata ɗaya ce: bari Tato ya miƙe. Tato ya miƙe, ya jefar da ƙarfen tafiya ya koma 'yar sanda, amma amsata tana nan yadda take. Ina son Pascal, Allah ya sani, son da har tsoro yake ba ni. Sai dai a kaina aure yana nufin 'ya'ya, da gida can bayan gari inda yake mafarki, da barin tsoho shi kaɗai da matakala mai santsi. Ban iya ba.

Tato ne ya raba mana gardamar a safiyar nan. Mun same shi tsaye a taga da kofin shayinsa, yana kallon Pascal yana kwasar dusar ƙanƙara da shebur.

"Ki tafi," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

"Tato, ba wanda ya tambaye ka."

"Gidana ne, ba sai an tambaye ni ba. Ki tafi ko na samu in sha shayina ba mai ƙirga mini cokalin sukari."

"Idan ka faɗi fa?"

"Sai in tashi. Maƙwabciyata Stefka tana nan, ba abin da ke motsi a layin nan ba ta gani ba, har kyanwa." Ya nuna Pascal da sandarsa. "Ni zan kai ku filin jirgi, in taho da rigunan sanyinku. Amma ki dubi abin da Bafaranshen naki yake sawa, don Allah. Wannan riga ce ko tsumman goge mota?"

Na leƙa, kuma ban iya hana kaina murmushi ba. Rigar sanyin Pascal ta girmi soyayyarmu. Launinta ya tashi daga shuɗi ya koma abin da ba shi da suna, hannun dama an liƙe shi da salatif, gashin tsuntsu yana leƙowa ta kafaɗa. Na yi faɗa a kanta har na gaji. Shi dai ya ce ta san jikinsa.

Ranar tafiya sanyi ya kai digiri talatin da biyar ƙasa da sifili. Ba mai hankalin da zai ja jibgegiyar riga zuwa Cuba, don haka muka yi abin da kowa yake yi. Tato ya tsaya daidai ƙofar shiga filin jirgi, muka tuɓe rigunan cikin mota, muka cilla su kujerar baya, muka fita da gudu da 'yan shimi kamar an koro mu.

"Maganinka yana kan firij!" na ɗaga murya.

Ya ɗaga mini hannu irin na ki ba ni wuri, ya ja mota.

Sai da jirgi ya ɗaga na lura da Pascal. Yana dariya, yana nuna mini garin ya zama fari fat a ƙasa, sai kawai hannunsa ya kai ƙirji. Ya shafa hagu, ya shafa dama. Ya miƙe ya laluba aljihun wando, ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin kujera ya zazzage. Fuskarsa ta yi fari kamar madara.

"Me ya ɓata?"

"Ba komai."

"Fasfo?"

"Ga shi nan."

"To mene ne?"

"Na ce miki ba komai... cingam nake nema."

Pascal ba ya tauna cingam. Na kalle shi, ya kalli taga.

Zafin Cuba ya rungume mu tun daga matakalar jirgi. Fatata da ta yi wata uku ba ta ga rana ba sai ƙaiƙayi take yi don murna. Ga teku shuɗi shar, ga yashi mai laushi, ga gwanda da abarba ci ka bari. Mutanen garinmu da muka zo tare sun baje a kujeru sun yi jajir, ba abin da ya dame su.

Mu biyu ne kaɗai muka kasa zama.

Ni dai an san ciwona. Waya ba ta kamawa sai a zauren otal, don haka ina tsoma ƙafa a ruwa sai in tuna Tato, in kwashi tawul in nufi zaure. Tato ba ya riƙe wayar hannu, ya ce shi ba kare ba ne da za a ɗaura masa igiya, sai ta gida. Ranar farko ya ɗauka, ya ce lafiya lau, ya ajiye kafin in rufe baki.

Amma Pascal fa? Mutumin da ya yi wata biyu yana mini waƙar teku, yanzu ko kallonsa ba ya yi. In juya in ga ba ya nan. In je zaure in hango shi a lungu bayan tukunyar fulawa, waya a kunne, yana ganina sai ya cusa ta a aljihu. Abinci sai juya cokali. Akwai wani tebur da ya kama mana tun daga gida, a bakin ruwa lokacin faɗuwar rana, har da mai kiɗan jita. Na sa jar rigata, na gyara gashi. Muka zauna, mai jita ya zo ya tsaya a kanmu yana murmushi yana kallon Pascal kamar yana jiran wani abu. Pascal ya girgiza masa kai, mutumin ya ja jiki.

"Kifin ya yi daɗi," na ce.

"Mhm."

"Kai ba ka ci ba."

"Na ƙoshi."

"Pascal, na yi maka wani laifi ne?"

"A'a, masoyiyata. Ke ba ki yi komai ba."

 Na san wannan magana, ƙawayena sun sha ba ni labarinta. Da ita ake farawa kafin a ce wa mace a rabu. Na zauna ina kallon rana tana nutsewa, ina cewa a raina, ashe ya gaji. Ya gaji da jira, ya gaji da shebur, ya gaji da macen da rabin zuciyarta ke gidan ubanta, shi ne ya kawo ni wuri mai kyau don ya sallame ni cikin mutunci. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, na kasa ganin laifinsa.

Washegari na kira Tato da safe, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira da rana, shiru. Na ce ko barci yake. Kashegari ma haka. Na nemo lambar Stefka, maƙwabciyarsa.

"Ke 'yar nan, ai gara da kika kira," ta ce. "Ni ban san abin da ya shiga kan ubanki ba."

"Ya faɗi ne?"

"Ina fa ya zauna balle ya faɗi. Gari na wayewa sai ya figi mota, ba zai dawo ba sai fitilun titi sun kama. Jiya da ƙyar ya hau matakala, gemunsa duk ƙanƙara. Rediyo na ta cewa kowa ya zauna a gida, fata na daskarewa kafin ka ƙirga ɗari, shi kuwa ko a jikinsa."

"Ina yake zuwa?"

"Na tambaye shi, ya ce in je in kula da kyanwata. Ki tambayi saurayin naki mana. Shi ma ya ishe ni da kira, wai in ɓoye makullin motar tsoho."

Ban san lokacin da na isa ɗaki ba. Pascal ya shigo ya tarar ina cusa kaya a akwati, jiƙaƙƙu da busassu.

"Me kike yi?"

"Gida za ni."

"Lesya, tsaya..."

"Me ya samu ubana?"

Ya kau da kai, ni kuwa na ci gaba.

"Ka kira Stefka. Kana ta kiran Tato a ɓoye. Asibiti yake zuwa, ko? An gano masa wani ciwo, kuka haɗa baki kuka kawo ni nan don kar in sani."

"Ba haka ba ne. Lafiyarsa ƙalau."

"Mai lafiya ne zai yini a waje cikin wannan sanyi? Ka faɗa mini gaskiya, ko in fita ƙofar nan ba za ka ƙara ganina ba."

Ya zauna a bakin gado kamar an zare masa laka. 

"Zobe ne," ya ce.

"Wane zobe?"

"Naki. Na saya tun kafin Kirsimeti. Ban ga wurin ɓoyo a gida ba, komai sai kin buɗe, sai na sa shi a aljihun ciki na rigar sanyina, don na san ita ce abu ɗaya da ba za ki taɓa ba. Na yi niyyar in ciro shi a mota. Sai ga sanyi, ga Tato yana ta cewa mu yi sauri, ga motocin baya suna hon... na tuɓe na cilla."

Na tsaya riƙe da rigar wanka tana ɗiga a ƙafata. Wani abu mai ɗumi ya taso mini a ƙirji, har na ji idona ya kawo ruwa. Ashe abin da mai jita yake jira ke nan.

"To ai rigar tana gidan Tato," na ce a hankali.

"Ba ta nan," ya ce. "Daga filin jirgi ya wuce coci, inda ake tara wa marasa galihu kayan sanyi, ya ba da ita. Sannan ya shiga kanti ya saya mini sabuwa. Wai zai ba ni mamaki."

"Ya Allah..."

"Da na kira na faɗa masa, ya koma cocin, ya tarar har an raba kayan. Tun ranar yake bin gidajen kwanan marasa galihu da wuraren rabon miya, yana neman wanda ya samu rigar. Na roƙe shi ya bari, Lesya. Na rantse na roƙe shi. Na ce zoben ya tafi, ya tafi. Ya kashe mini waya."

Ɗumin nan ya gudu, tsoro ya maye gurbinsa, tsoron kuma ya juye ya zama masifa. Ni idan na tsorata bakina ba shi da linzami.

"Wato saboda zobenka ubana yake yawo da karyayyen ƙugu a kan ƙanƙara."

"Ban sa shi ba."

"Da ka yi shiru da bakinka ai da yana gida yana shan shayi. Ka san halinsa. Kwana nawa kana kallona ina cin gwanda, shi yana can yana daskarewa?"

"Na rasa yadda zan faɗa miki ne ba tare da..."

"Ba tare da ka ɓata shirinka ba. Shirinka ya fi ransa. Ka ga abin da nake gudu ke nan. Ko auren ba a yi ba, ga abin da ya jawo."

Ya ɗago ya kalle ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Dama kin taɓa son a yi ne?"

"Kar ka juya mini magana."

"Tambaya ce. Shekara huɗu, Lesya. Ban taɓa ƙorafin shebur ba, ina son tsohon nan kamar ubana. Amma ya ajiye ƙarfe ya ɗau sanda, kin ce a jira. Gobe ya ajiye sanda, za ki ce a jira ya yi tsere. Yaushe ne ranar? Ko ranar da za mu dawo daga binne shi kike nufi?"

Na ɗaga hannu, na sauke. Shi ma ya san ya kai maƙura, don ya rufe fuska da hannu biyu. Na fita na bar shi.

Sai da magariba ta yi a Winnipeg na samu Tato a waya. Muryarsa ta dishe.

"Tato, na ji komai. Gobe ba za ka fita ba."

"Ashe Bafaranshen bai iya riƙe baki ba."

"Ka ji abin da na ce? Zobe ƙarfe ne. Ba na so, ko ka same shi ba na so."

"Ba ke na ɓatar wa ba, shi na ɓatar wa."

"Don girman Allah, Tato... idan wani abu ya same ka ba zan yafe wa kaina ba."

"Auta," ya ce, "ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba. Je ki sha rana."

Ya ajiye.

Na bi duk inda ake bi, babu kujera a jirgi kafin ranarmu. Duk wanda sanyi ya koro yana nan, kuma jiragen a cike suke komawa. Sauran kwanakin nan ba na fatan maƙiyina ya yi irinsu. Rana tana ƙwallewa, mutane suna rawa a bakin ruwa, ni ina zaure ina kallon yanayin garinmu a waya. Ni da Pascal ba magana, sai dai miƙo mini gishiri, ko ka ga makullin ɗaki. Kowace yamma in kira, Tato ya ɗauka ya ce yana raye, ya kashe.

Ana gobe za mu tafi na hango Pascal zaune shi kaɗai inda ruwa ke taɓa yashi. Ya manta bai shafa man rana ba, bayansa ya yi jajir yana saɓulewa. Tausayinsa ya kama ni. Na je na durƙusa a bayansa na fara shafa masa man. Ya kama yatsuna ta kan kafaɗarsa ya riƙe.

"Ki yafe mini maganar binnewa."

"Na yafe."

"Da sauran maganar fa?"

 Ya jira, ya jira, sannan ya saki hannuna a hankali. Na so in ce masa wani abu, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ga Tato kwance a gindin matakala.

Da muka sauka Winnipeg, muna fitowa wurin karɓar baƙi na hango Tato. Yana tsaye a kan sandarsa, ya sha hularsa ta zuwa coci, riguna biyu a rataye a hannunsa. Na ruga na rungume shi, sannan na ja baya ina duba shi kamar kayan da aka aiko. Ya rame. Saman kunnensa na hagu ya yi baƙi, kumatunsa sun tsattsage.

"Dubi kunnenka, Tato!"

"Ina da wani." Ya miƙa mini rigata, ya juya wurin Pascal. Abin da ke hannunsa ba sabuwar riga ba ce. Tsohuwar ce, da salatif ɗinta da gashin tsuntsunta.

Pascal ya buɗe baki. "Ka same ta..."

"Shekaranjiya. A jikin wani bawan Allah, a rumfar jiran bas. Tun daga nesa na gane ta, ai babu irinta biyu a duniya. Ban iya tuɓe mutum cikin wannan sanyi ba, sai na ba shi sabuwar muka yi musanya. Ya ɗauka taɓin hankali gare ni."

Hannun Pascal ya tafi aljihun ciki. Na ga yatsunsa suna yawo, suna komawa, suna sake yawo. Sannan suka tsaya.

"Babu," in ji Tato. "Na duba, na farke shafin ciki, na ɗinke. Mutumin ya rantse a haka aka ba shi, kuma na yarda da shi. Ta hannu da yawa ta bi. Jiya na sake komawa cocin, na bi ƙasa da tocila." Muryarsa ta karye. "Rigar na samo maka, ɗana. Zoben ban samo ba. Ban san da wane ido zan kalle ka ba."

"Haba, Orest," Pascal ya ce, ya kira Tato da ainihin sunansa, shi ma idonsa ya cika. "Alheri ka yi nufi. Ni ne sakaran da ya..."

"Kuma saboda wannan ka kusa kashe kanka?" na katse su. Kukan da na danne sati guda ya ƙwace mini. "Ka san abin da ka sa ni a ciki? Da ka zame fa? Da mota ta mutu maka a hanya fa? Me ya yi zafi haka?"

Tato ya dube ni. Mutane suna ta wuce mu da akwatunansu, suna raɓawa.

"Tsoro na ji," ya ce.

"Tsoron me?"

"Yaron nan ya tattara ƙarfin halinsa sau ɗaya, ni kuma na kwashe na kai coci. Na ce idan wannan ta wuce, za ki samu wani dalilin jira. Kuma dalilin nan ni ne, auta. Kullum ni ne. Kina tsammani ba na ji? Bangon kicin ɗina ba shi da kauri. Bari Tato ya miƙe, bari Tato ya miƙe. Nakan kwanta in ce, wato sai na mutu yarinyar nan za ta yi aure. Har na fara ganin kamar na daɗe da yawa."

"Tato, kar ka ƙara faɗin haka..."

"To kar ki ƙara sa ni in yi tunaninsa." Ya goge hanci da bayan safar hannu. "Kuma bari in faɗa miki, satin nan na sha wuya, ƙuguna kamar ana sara. Amma tun da uwarki ta tafi ban tashi da safe ina da wurin zuwa ba sai yanzu. Na tuƙa mota, na hau matakalar da ta ninka tawa, na sha miya da mutanen da ba su san ni gurgu ba ne. Sun ce in dawo ranar Talata in taya su rabo, kuma zan je. Ki zo ki gaishe ni don kina marmarina, ba don ki duba ko ina numfashi ba."

 Shekara biyu ina ganin ni ce na riƙe shi, ban taɓa tambayarsa ko riƙon yana masa ciwo ba. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, da wani sauƙi, kamar an sauke mini kayan da ban san ina ɗauke da su ba.

Na juya. Pascal yana tsaye cikin tsummansa, ƙasa gajeren wando da takalmin soso, hancinsa yana saɓa. Ban taɓa ganin mutum mai ban dariya kamarsa ba, ban kuma taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so shi a lokacin ba.

"Tambaye ni," na ce.

"Me?"

"Abin da mai jita yake jira. Tambaye ni."

"Lesya, ba ni da zobe..."

"Na ce ka kawo zobe? Ka tambaye ni kafin in huce."

Ya kalli Tato. Tato ya zungure shi da sanda a ƙafa. "Durƙusa mana, ko shi ma sai na yi maka?"

Ya durƙusa a kan tayil ɗin da takalman mutane suka jiƙe da ruwan ƙanƙara. Ya kama hannuna.

"Rabin raina... za ki aure ni? Ba wata rana ba. Bana."

"Bana," na ce. "Da bazara, kafin sauro ya fito."

Wata mata da ke jan akwati ta tafa, wasu suka taya ta. Pascal ya miƙe ya rungume ni har gashin tsuntsu ya shiga bakina. Ta kan kafaɗarsa na ga Tato ya juya mana baya, wai yana karanta allon jirage, kafaɗunsa suna motsi.

Da ƙofa ta buɗe sanyi ya mare mu, hawayen fuskata suka fara daskarewa. Motar tana can ƙarshen fili, kuma hanyar duk ƙanƙara ce mai sheƙi, irin wadda ta karya shi bara. Tato ya gyara hularsa ya yi gaba, yana dogara sanda, yana taku ɗaya bayan ɗaya.

Hannuna ya miƙa da kansa zai kama gwiwar hannunsa. Na tsaya. Kowane takunsa a ƙirjina yake sauka. Na janye hannun, na cusa shi a aljihun Pascal, ya damƙe shi a ciki.

Muka bi bayansa a hankali, na bar shi ya kai kansa mota.